Amin ɗin Yaya

Mijin yayata shi ya raɗa wa kansa suna Injiniya. Babu makarantar da ta ba shi, babu wanda ya roƙe shi ya karɓa. Gyaran keken ɗinki yake yi a wani ɗan shago da ya fasa a jikin gidansu, ƙofa ɗaya na kallon titi, ɗaya na shiga tsakar gida. Ba zan tauye masa haƙƙi ba, hannunsa ya iya aiki. Keke ko ya shekara biyar a bayan ƙofa yana tsatsa, in ya zauna masa da sukudireba da 'yar kwalbar mai, kafin la'asar za ka ji yana gudu kamar sabo. Sai dai bayan wata biyu ya fara tsinke zare.

Nawa ma haka ya yi. Keken mahaifiyarmu ne da na gada, na kai masa don ya sa mai kawai. Da ya dawo sai ƙoshiyarsa, ɗan ƙarfen nan da ke riƙe zaren ƙasa, ta fara cin zare. Na yi magana, ya ce, "Ƙanwata, ƙafarki ce ba ta iya taka keke ba." Ni da na shekara goma sha biyu ina ɗinki! Na haɗiye saboda Yaya.

Teloli kuwa ba su da yaya a gidan, don haka ba su haɗiye ba. Ɗaya bayan ɗaya suka koma wurin wani mai gyara a tsallaken titi, bawan Allah da ko gaisuwa sai ka matsa kusa kake jin muryarsa. Shagon Injiniya ya yi tsit. Aka sayar da fanka, aka sayar da rediyo, tukunyar Yaya ta koma hawa wuta sau ɗaya a yini.

Nan fa Injiniya ya gano Allah. Da can sai Yaya ta yi ta fama kafin ya tashi alwala, yanzu kuwa ya sayi carbi mai manyan 'ya'ya, ya shimfiɗa darduma a bakin shago, daidai inda mai gyaran tsallake zai gan shi. Yana sallamewa zai ɗaga hannu har sama da kai, ya buɗe murya:

"Ya Allah, ka ga halin da nake ciki! Ka fitar da ni! Ka tona asirin wanda yake kashe mini kasuwa, ka tona shi a bainar jama'a!"

Sai ya juya ya ƙwala kira cikin gida, "Ke, ba ki ji ba ne?"

Daga tsakar gida Yaya za ta ce, "Amin."

Shekara uku ana wannan. Ni dai haushi kamar ya kashe ni. Na taɓa ce masa, "Injiniya, ai Allah ba kurma ba ne." Ya ce ba don Allah yake ɗaga murya ba, don maƙiya ne. Ka ji fa, da bakinsa.

Rannan sai ga labari: wata cibiyar koyar da ɗinki tana da keke ashirin da suka lalace, shugabar wurin kuma za ta zo da kanta ta ga aikinsa kafin ta ba shi. Kowa a gidan ya san in wannan ya kuɓuce, shago ya rufu. Ina can ranar, na je taya Yaya wanki. Matar ta iso bayan azahar, wata dattijuwa mai farin tabarau, ta tarar da shi a kan darduma. Ganin baƙuwa sai ya ƙara wa addu'ar tsawo, har da rawar murya. Ya kai wurin tonon asiri, ya juya.

"Amin," in ji Yaya. Ban taɓa jin ta faɗa da ƙarfi haka ba.

Ya naɗe darduma, ya ja wa baƙuwa kujera, ya fara cika baki. Shi ba ya sa wa keken mutane tsohon ƙarfe, sabo fil yake sawa, bari ma ta gani da idonta. "Ke, kawo mini gwangwanin nan!"

Ashe gwangwanin madara biyu ne iri ɗaya. Na sababbin kaya yana kan taga. Ɗayan yana ƙarƙashin gado, kuma shi Yaya ta miƙo. Bai ko duba ba, ya buɗe ya zazzage a kan tebur.

Ƙoshiyoyi ne da haƙoran keke da ƙananan kusoshi, masu kyau, na asali, kowanne a naɗe cikin takarda da rubutu a jiki. Duk keken da aka kawo masa sai ya zare mai kyau ya sa na banza, sannan ya rubuta mai shi, don kada wata rana ya sayar wa mutum da kayansa ya gane. Ɓarawo mai tsari! Na ɗauki ɗaya, an rubuta “tela mai gemu”. Wata “matar direba”. Ta uku “ƙanwar madam”, ga ɗigon jan farcen da mahaifiyarmu ta sa wa ƙoshiyarta da hannunta. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa.

Baƙuwar ta gyara tabarau, ta warware wata takarda, ta karanta a fili: "Malama mai tabarau." Ta dube shi. "Shekara huɗu da suka wuce na kawo maka kekena. Ashe ka tuna da ni." Ta jefa ƙoshiyar a jaka, ta fita, ta tsallaka titi muna kallo.

Injiniya ya juya kan Yaya. "Kin san abin da kika yi? Kin kashe mu! Me za ki ci?"

"Na sani," ta ce, ko gezau. "Tun yaushe nake cin abin da ba namu ba? Kai ka roƙa a tona shi a bainar jama'a. Shekara uku ina cewa amin da baki, na ga ba ka gane ba."

Shagon ya rufu kafin ƙarshen wata. Yaya ta bi gida gida ta mayar wa kowa da ƙarfensa, ba ta sha wahala ba tunda ya rubuta mata komai. Yanzu a ɗakina take yini, muna karɓa-karɓa a keken mahaifiyarmu, da shi take ciyar da gidan. Zare bai ƙara tsinkewa ba, ƙafar tawa ta warke ke nan.

Shi kuwa Injiniya yana nan, yana salla a cikin ɗaki, a hankali. In ya idar ya zo ɗaga hannu, sai ya fara leƙa tsakar gida ya ga ko Yaya tana kusa.