Bikin da ƙanena bai riƙe wayar kowa ba

Shekarun baya, da auren ƙanena ya matso, na yi rigima da kusan kowa a gidanmu a kan wasa. E, wasa. Ni da furfura ta fara leƙo min a gemu.

A unguwarmu a Funtua, in saurayi zai yi aure, abokansa kan shirya masa ƙwallo ana jibi ɗaurin aure, ango ne kyaftin. To shi ƙanena shan inna ya kama shi tun yana rarrafe, da keken guragu yake yawo, irin wanda ake tuƙawa da hannu. Duk ƙwallon bikin da aka buga, yana bakin fili an jibga masa wayoyi da makullan babura a cinya. Zai yi ta ihu yana dariya, amma ni na san kayana. In mun dawo gida ko tuwon kirki ba ya ci.

Da abokansa suka zo suka ce sun kama fili, na tambaye su, "Shi angon me zai yi?"

Babban abokinsa ya ce, "Yaya, kujera za mu sa masa a rumfa, shi zai miƙa kofi."

Na ce wallahi ba dai a bikin nan ba.

Na taɓa kai yarana wani wurin wasa a Kano, na ga wasan bindigar haske, masu shi suna ce masa leza. Kowa zai sa riga mai fitilu ya riƙe bindigar roba. Ba harsashi, haske kawai take fitarwa, in ya same ka rigarka ta yi kuka ta mutu na ɗan lokaci. Wasa ne na ido da hannu, hannu kuwa Allah ya ba ƙanena. Na kira mai kayan, ya ce zai zo in akwai wuri mai ɗan duhu. Ga sitona cike da buhunan masara, an gama kaka ke nan.

Sai kawunmu ya iso daga Dandume ya ji labari. Ko ruwa bai sha ba ya sa aka kira ni.

"Bindiga? A wannan zamanin? Mu da muke barci da ido ɗaya, mutane sun bar gonakinsu, kai kuma ka kawo mana bindiga gidan biki?"

Maganarsa ta taɓa ni, don ni ma akwai gonar da na daina zuwa. Na sunkuyar da kai na ce, "Kawu, Allah ya huci zuciyarka. Amma 'yan bindigar dajin nan sun hana mu gona, sun hana mu tafiyar yamma. Ba zan bari su hana yaron nan wasa a bikinsa ba."

Ya ce ba da yawunsa ba. Na ce na ji, amma za a yi. Da kayan suka iso, na ɗauki bindiga ɗaya na kai wa mai unguwa da 'yan sintiri, suka jujjuya ta, suka yi dariya, suka ce a dai rufe ƙofar sito kada wani ya hango ya ruga.

Ranar, da hantsi, muka jera buhuna suka zama lunguna. Mai kayan ya ce mu zaɓi irin wasan: ko a rabu gida biyu, ko kowa ta kansa, ko kuma tsaron sarki, inda mutum ɗaya zai zauna a tsakiya mutanensa su kare shi. Abokai suka ɗauka gaba ɗaya, "Shi ke nan! Ango ne sarki!"

Raina ya ɓaci, don rumfar nan ce dai aka shigo da ita sito. Kafin in buɗe baki ƙanena ya riga ni.

"Na gaji da zaman sarauta. Kowa ta kansa."

Aka fara. Ina laɓe bayan buhu sai na lura ba mai harbinsa. In suka yi kiciɓis da shi sai su kau da bindiga su wuce, wai tausayi. Rigarsa tana ta haske ita kaɗai, fuskarsa kuwa irin ta bakin fili ce sak. Haba, ai sai na miƙe na saita ƙirjinsa na danna. Rigar ta yi kuka ta mutu.

Ya dube ni. "Yaya, ni ka harba?"

"Kai ɗin fa. Ka yi abin da za ka yi."

Wayyo ni! Kekensa bai kai tsayin buhuna ba, ba ka ganinsa sai rigarka ta yi kuka. Na zura da gudu da tumbina, na yi tuntuɓe na kife a kan masara, ya biyo ni ya ƙara min yana ƙyaƙyata dariya. Daga nan kowa ya saki jiki, suna harbinsa yana ramawa, har da zage-zagen abokai. Bai zo na ɗaya ba. Na ƙarshe dai ba sai na faɗi ko wane ne ba.

Har yau kawu bai ce na yi daidai ba, ni ma ban ce na yi kuskure ba, kuma ko gobe aka maimaita haka zan yi. Na tsani tausayin da ke zaunar da mutum a inuwa ya hana shi gumi.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne fitowarmu. Ashe kawu ya zo ya zauna a benci a ƙofar sito, wai don in wani abu ya faru a same shi kusa. Samarin nan kuwa da za su shiga ba su ga kowa a zaune ba sai shi. Muka tarar da shi ya haɗe rai, cinyarsa cike da wayoyi da makullai.

Ƙanena ya turo kekensa, gumi sharkaf, yana haki, ya miƙa hannu.

"Kawu, a taimaka a ba ni wayata."

Tunda nake da shi, ranar na fara jin wannan maganar a bakinsa.