Kada Ruwa Ya Taɓa Ƙirjin Inna

Wata goma sha huɗu na yi ina gadin wani ɗan wuri a ƙirjin Inna, bai kai tafin hannu ba. Nan aka dasa mata bututun robar da ake jona ta da injin wankin ƙoda. Na farkon a wuya yake. Ƙwayoyin cuta suka bi ta cikinsa suka shiga jini, ta kwana tara tana rawar ɗari, jijiyar ta toshe. Da aka sa wannan, nas ɗin ta ɗaga mini yatsa, ta gargaɗe ni da Faransanci kada ruwa ya taɓa wurin: "Surtout pas d'eau. Ko ɗigo. In wannan ya lalace, ban san inda za mu sa wani ba."

A Douala ake cewa kada ruwa ya taɓa mutum! Garin da ko sama ba ta zubo ba, gumi zai yi maka wanka. Sau biyu a mako nake naɗe ta da leda kamar kifin kasuwar Marché Central, mu fito daga lungunmu na unguwar New Bell mu tsaya jiran taksin zuwa asibiti. Wanka kuwa da jiƙaƙƙen tsumma nake yi mata, gaɓa-gaɓa, matar da a da sau uku take watsa ruwa a yini. Kullum sai ta ce, "Ke dai sheƙa mini moɗa ɗaya, wa zai sani?" Ni kuma in ce a'a. Na gaji da kalmar nan har bakina ya yi tsami.

Masu dubiya sun fi ruwan damina ba ni wahala. Kowa da addu'arsa, kuma sai ya tofa daidai wurin ciwo. Ranar da Kawu, yayan Inna, ya sunkuya zai yi tofi a kan filastar, na tare da hannuna. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Bakina ne ƙazanta, 'yar boko?" Ya zura takalmansa, bai sake tako gidan ba. Inna ta kwana uku ba ta ce mini uffan ba, ni ma na ji zafin abin, amma ban ba da haƙuri ba.

Wurin bai taɓa yin ruwa ba, ko ja bai yi ba. Zuciyarta ce ta tsaya, wata Talata da hantsi.

Da mata suka taru yi mata wanka, an riga an cire bututun a asibiti. Goggo, ƙanwar Baba, ta ɗebo ruwa a moɗa ta nufi ƙirjin. Ban san lokacin da na kife tafina a wurin ba.

"Ɗaga hannunki, 'yata," in ji Goggo. "Bar ta ta yi wankanta."