Dogo Mai Feshi da Kwalaben Alhaji Sanda

Duk wanda ya bi hanyar Ƙarfi zuwa Malumfashi da farkon damina zai iya cin karo da shi, tankin feshi goye a baya, gwangwanin madara rataye a wuya. Dogo sunan da iyayensa suka sa masa ne, ba laƙabi ba, don tsawonsa bai wuce na kowa ba. A wata unguwar Maguzawa da ke bayan Ƙarfi aka haife shi, kuma har yau yana gidan, bisa al'adar iyayensa. Bai yi boko ba, bai yi allo ba. Feshi ya koya tun yana saurayi, lokacin da malaman gona ke yawo gonakin auduga, kuma da shi ya yi aure, ya ɗora wa ɗakinsa kwano.

Ƙa'idarsa ɗaya ce. Tanki mai cin lita ashirin na ruwa, gwangwani ɗaya cif na maganin kashe ciyawa. Kwalba guda gwangwani shida ce, wato tanki shida. In ya zagaya gonarka sau ɗaya da ƙafa, zai faɗa maka kwalba nawa za ka saya, kuma da wuya a yi ragi ko a nemi ciko. Shekara goma sha tara yana wannan aiki ba wanda ya taɓa tsaya masa a kai. A miƙa masa kwalabe ne kawai a tafi sabgar gaba.

Abin ya faru ne a gonar Malam Awaisu, wani tsohon hedimasta da ya ajiye aiki ya koma noman masara. Ya sayi kwalba goma sha biyu a shagon Alhaji Sanda, babban dilan maganin feshi a Malumfashi a wancan lokaci. Dogo ya yi kwana biyar yana feshi, tanki saba'in da biyu, ya tattara kwalaben da babu komai ya mayar wa mai gona. Ciyawa ta yi ruwan ɗorawa, ta kwanta, aka shuka masara. Ruwa biyu aka yi, sai ga ciyawar ta miƙe kamar an zuba mata taki. Kafin a samu 'yan ƙwadago ta shaƙe rabin gonar.

Ranar kasuwa Malam Awaisu ya tasa Dogo gaba har ƙofar shagon, inda manoma suka yi cincirindo suna sayen magani. Ya faɗi abin da ya samu gonarsa, ya ce yana son ya san laifin waye. Alhaji Sanda ko tashi daga kujerarsa bai yi ba.

"Malam, maganina ba ya ƙarya," in ji shi. "Ka tambayi wanda ka bai wa kwalaben inda ya kai rabinsu. Ai mun san halinsu. Su yi maka ban-ruwa a gona, su tafi da magani gida."

Dogo ya ce a ba shi duk abin da ake rantsuwa da shi zai rantse. Ba wanda ya saurare shi. Maganar Alhaji ce a gefe ɗaya, ta ɗan ƙauye mai gwangwani a wuya a ɗaya gefen. Wani daga baya ya ce ashe Dogo mai ban-ruwa ne, aka yi dariya, kuma sunan ya riga shi isa gida.

Daminar nan bai fesa gona biyar ba. Waɗanda suka kira shi ma, tsayawa suka yi a kansa suna ƙirga gwangwani, wani har laluben buhunsa ya yi kafin ya bar gonar. Ya ajiye tanki ya ɗauki fartanya yana ƙwadago tare da sa'o'in 'ya'yansa. Dattawan gidansu suka ba shi shawara ya kai kukansa ga kan-gida, abin da kakanninsu ke kai wa ƙara in an zalunce su. Ya ƙi. Ya ce in wani abu ya samu Alhaji ta wannan hanya, cewa za a yi ciwo ne daga sama, shi kuwa yana nan a ɓarawonsa. So yake a gani da ido.

Ya haɗiye maganar har rani ya fita. Matarsa Tsohuwa, wadda ta ci sunan kakarta, ta ce a watannin nan ko sunan Alhaji bai ambata ba, amma in ya ji babur ya doso daga wajen Malumfashi sai ya daina cin tuwo.

Da ruwa ya sauka ciyawa ta fito, ya hau mota zuwa Funtuwa ya sayo kwalba ɗaya a wurin wani dila da ya amince da shi. Ya aiki Tsohuwa ta sayo irinta sak a shagon Alhaji Sanda, tun da ba a san fuskarta ba. Kwalaben iri ɗaya, takarda iri ɗaya, murfi kamar ba a taɓa shi ba, har kalar maganin. Bayan gidansu akwai saura da ba a noma ba, sai ya yanka ta fegi-fegi. Fegin bai kai a cika masa tanki ba, don haka ya rage awon. Ya gwada ya ga murfin kwalba takwas ne ke cika gwangwani. In lita ashirin murfi takwas take ci, to lita biyar murfi biyu ke nan. Ya fesa fegin farko da na Funtuwa, murfi biyu. Sauran ya bi su da na Alhaji: wannan murfi biyu, wancan biyu da rabi, na gaba uku, na ƙarshe huɗu.

Bayan kwana goma fegin Funtuwa ya bushe ƙayau. Na Alhaji mai murfi biyu ya yi ɗorawa ya fara farfaɗowa, yadda gonar Malam Awaisu ta yi. Mai biyu da rabi ya mutu da tsilli-tsillin kore. Mai murfi uku shi ne ya yi daidai da na Funtuwa.

Ya san an tsinka maganin, amma yana son ya san da ruwa nawa, don ya faɗa a gaban jama'a ba tare da wani ya kama shi da kure ba. Ya yini yana zane a ƙasa da tsinke, lissafin ya ƙi fita. Tsohuwa ce ta raba gardamar, ita da ke dama kunun tsamiya tana kai wa kasuwa. Ta ɗauko ludayi da ƙwarya.

"Maigida, in ludayi uku na wannan kunun ne ke ƙosarwa kamar biyu na wancan, ai biyu ne kunun, ɗayan ruwa ne. Kwalba biyu yake mayarwa uku."

Dogo ya sake ƙirgawa da yatsu. Kwalba goma sha biyun da aka ba shi, takwas ne magani, huɗu ruwa. Maganin tanki arba'in da takwas ya baza a gonar tanki saba'in da biyu, da hannunsa, yana cika gwangwani cif.

Bai je shagon ba. Ya nemi wani manomi mai suna Ɗanladi, mai gona a bakin titi daidai inda masu shiga kasuwar Malumfashi ke wucewa, ya roƙe shi aron gefen da bai share ba. Ranar kasuwa ya tsaya a wurin da tankinsa, yana tsayar da duk wanda ya taɓa yi wa feshi. Da mutane suka taru, ya ce su zaɓi mutum biyu da suka yarda da su, su je su sayo kwalba a shagon Alhaji da kansu, su riƙe ta kada su bari ya taɓa. Su suka auna, su suka zuba, shi nasa goyon tanki kawai. Fegi huɗu aka yi. Na Funtuwa murfi biyu. Na Alhaji murfi biyu. Na Alhaji murfi uku. A na huɗun ya sa aka ɗebi na Funtuwa kashi biyu, aka ƙara ruwan rijiya kashi ɗaya, aka girgiza, aka auni murfi biyu daga ciki. Ya ce su sa ido, wannan fegin da na Alhaji mai murfi biyu tagwaye za su fito. Ya kafa turke a kowane fegi, kuma ya tare a gindin wata ɗorawa da ke wurin yana gadi, don kada a zo a ƙara wa wani fegi magani.

Kwana goma mutane na tsayar da babura suna kallo. Abin ya fito yadda ya faɗa, fegi biyu busassu, biyu kuma sun koma kore tare kamar an gwada su da ma'auni. Manoman da ciyawa ta ci wa gonaki shekara biyu, uku, suna ɗora laifin kan ruwan sama ko masu feshi, suka nufi shagon da kwalabensu a hannu. Alhaji ya ce daga kamfani aka kawo masa haka, sannan ya ce aikin ma'aikatansa ne. Bayan kwana biyu wasu jami'ai suka zo suka buɗe sitonsa na baya, suka fito da durom, da mazurari, da buhun sababbin murafe.

Kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Aiki ya dawo wa Dogo har ya fi ƙarfinsa, masu kiransa mai ban-ruwa suka koma gaishe shi tun daga nesa. Malam Awaisu ya tako har gida ya ba shi haƙuri. Dogo ya shimfiɗa masa tabarma, ya ce ya wuce, amma daga ranar bai sake taka gonarsa ba, ko da ya aiko sau uku.

Shi kuwa Alhaji, Dogo bai ƙyale shi ba. Ya ji labarin ya kwashe sauran kayansa ya kai Danja, sai ya bi shi can da turakunsa, ya nemi fili a bakin hanya ya maimaita gwajin. Ya ji an ga kwalaben a kasuwar Musawa, ya hau babur ya je. Da Alhaji ya buɗe sabon shago a Funtuwa da sunan wani ɗan'uwansa, Dogo ya yi mako uku yana zirga-zirga har sai da ya gano wurin, ya riƙa zama a tsallaken titi yana ba duk manomin da ya fito labarin kwalba biyu da ta zama uku. An ce a lokacin Alhaji ya daina tsinkawa, maganin gaskiya yake sayarwa. Dogo ya ce wannan ba damuwarsa ba ce. A shekarar nan, dawarsa ta gida ciyawa ce ta cinye ta, shi da ke kashe ta wasu. Tsohuwa ta yi magana har ta gaji, ta ce wanda ya kayar da abokin kokawa ai ɗaga shi yake a tafi gida. Ya ce shi ba kokawa aka yi da shi ba, tsirara aka yi masa a kasuwa.

Shagon Funtuwa bai kai wata damina ba. Alhaji Sanda ya koma sayar da buhunan da babu komai da igiyar ɗauri a bakin kasuwar hatsi, daga baya kuma ciwo ya taɓa masa ɓarin jiki.

Bara suka haɗu a motar haya daga Funtuwa, kujera ɗaya, gwiwa na gugar gwiwa. Alhaji ya rame, sanda a tsakanin ƙafafunsa. Shi ya fara gaisuwa, Dogo ya amsa. Sai da aka yi nisa sannan ya karkato, ya yi ƙasa da murya.

"Dogo, abin da ya wuce tsakaninmu, ka yafe mini. Na san ba ka taɓa maganin nan ba."

"Ban ji ba, Alhaji," in ji Dogo. "Ƙarar mota ta yi yawa. Ɗaga murya kaɗan, yadda na baya za su ji."

Alhaji ya waiwaya. Mata ne da kajinsu, da wasu 'yan kasuwa biyu, da wani tsoho yana gyangyaɗi, ba ko ɗaya da ya san su. Sai ya mai da fuskarsa wajen taga. Haka suka tafi har mararrabar da Dogo zai sauka. Ya ɗauki buhunsa, ya ɗaga ƙafa ya tsallake sandar a hankali don kada ya ture ta, ya ce a sauka lafiya.

Ni da kansa ya ba ni wannan labari, muna zaune yana wanke bakin tankinsa da tsinke. Ya ce da Alhaji ya faɗa da ƙarfi, ko a gaban waɗannan baƙin ne, da ya yafe masa nan take. Tsohuwa na gefe tana tace tsamiya. Ta ce ita dai shekara talatin tana zaune da shi, kuma ba ta yi zaton zai yafe ba.