Ranar da Kaka Ta Je Gaida Sarki a Murabba

Wata Alhamis da la'asar, cikin sanyin shekarar da nake aji huɗu na firamare, kakata ta fito daga ɗaki sanye da leshinta mai ruwan zuma wanda ba ta taɓa shi sai da Sallah, ta zuba turare har muna atishawa, ga ƙullin dambun nama a hannunta. Watanta guda ke nan da zuwa mana ziyara daga Kano. A lokacin muna zaune a wani tsohon bene a unguwar Shumaisi, can babban birnin ƙasa mai tsarki, Baba yana tuƙa motar wani kamfani. Duniyarmu mu yara ba ta wuce makaranta, da aiken sayo burodin kubus mai zafi a baƙala, wato kantin unguwa, da ƙwallo a saman bene tsakanin igiyoyin shanya ba. Larabci ya fi Hausa zama a bakinmu, abin da ke ba Kaka haushi ƙwarai, amma duk inda za ta ni ce tafintarta.

Da safe Baba ya ce mata, yana sauri zai fita, yau zai kai ta gidan sarki. Nufinsa tsohuwar fadar Murabba da gidan tarihin da ke kusa da ita. Ita kuwa ta ɗauka gaisuwa za mu je. Babu wanda ya gane haka, duk mun zaci kwalliyar fita ce kawai. Muka cusu a mota tare da maƙwabcinmu Malam Salim, wani tela mutumin Indiya, wanda ya kwashe hanya yana ba mu labarin fadojin garinsu masu madubai da ƙofofin da giwa ke shiga da mahayinta.

Muna isa ƙofar fadar Kaka ta tuɓe takalmanta, ta rafka sallama. Shiru. Ta sake, ta ƙara murya. Mai gadi, wani saurayi siriri, ya amsa mata cikin mamaki. Sai ta umarce ni in gaya masa baƙuwa ce daga Kano, a yi mata iso. Na faɗa masa da Larabci. Ya dube ni, ya dubi Baba, sannan ya ce a hankali ai mai gidan ya rasu tun kafin a haifi mahaifinsa.

Ban san yadda ake sassauta irin wannan magana da Hausa ba. Na ce, "Kaka, wai ya mutu."

Ta yi salati, ta dafe ƙirji. Ta juya kan Baba tana faɗa, wai an yi rasuwa a gari ya bar ta ta zo da leshi da turare kamar mai zuwa biki. Baba, wanda ko ɗan sanda ya hanga sai ya laluba iƙamarsa, katin izinin zama, a aljihu, ya shiga roƙonta, "Inna, don Allah a hankali, mutane na kallonmu." Ba ta saurare shi ba. Ta tsaya gaban mai gadi ta yi masa ta'aziyya cikakkiya, ta tambaye shi ya haƙuri, ya iyalan mamaci, ta ɗaga hannu ta yi addu'a. Ni ina fassarawa, shi yana amin, leɓensa na rawa saboda dariyar da yake dannewa. Ƙullin dambun ne kawai ya ƙi karɓa.

A ciki hankalinta ya ɗan kwanta da ta ga ginin ƙasa ne, da tsakar gida da bishiyar dabino. Ta ce ashe su ma sun san daɗin soro. Amma da muka zo wajen kayan da aka rufe cikin gilashi, alkyabbu da takubba da butocin gahawa, sai ta tsaya cak.

"Har yanzu ba a raba gadon ba?"

Baba ya yi ƙoƙarin bayyana mata cewa an ajiye su ne don mutane su gani. Malam Salim ya sa baki, ya ce a fadar garinsu ma haka ake yi, har gadon kwanan sarki da cokulansa suna nan a jere. Da na fassara, Kaka ta dube shi da tausayi, ta ce in gaya masa idan ya koma gida ya nemo musu malami, wannan haƙƙin marayu ne. Muka ƙare a kan ciyawar lambun waje, muna cin dambun da aka yi wa sarki, Malam Salim yana hawayen yaji yana ƙara miƙo hannu.

Yanzu ni ke kai 'ya'yana wurin, su ratsa ɗakunan da waya a hannu, su ɗauki hoto su ce sun gaji. Kaka ta daɗe da rasuwa, kuma an raba kayanta da wuri kamar yadda ta yi wasiyya. Rabona ya faɗo kan kwanon shanta mai murfi. Yana falona, cikin kabad na gilashi, inda na san da ta gan shi sai na sha faɗa. Har yau na kasa shan ruwa da shi.