Rumbun Albasar Rabo da Kuɗin Canjin Yanayi

Rabo magini ne a Badaguishiri. Tun yana saurayi yake ginin rumbunan hatsi, da rani kuma ya gangara fadama ya yi lambun albasa kamar kowa. Abin da ya daɗe yana ci masa rai shi ne yadda albasa ke ruɓewa a bukkar ajiya kafin ta yi daraja a kasuwa. Wata shekara da zafi ya ƙi sauƙi, ya haƙa rami bayan gidansa, ya gina ɗaki rabinsa cikin ƙasa, da bango biyu. Ya dura ƙaiƙayin gero tsakaninsu, ya bar kafofin iska sama da ƙasa. Albasarsa ta kai tsakiyar damina lafiya lau.

Labari ya kai kunnen Ummul-Khairi, ma'aikaciyar wata ƙungiya mai buro, wato ofis, a Konni. Ta zo bisa babur, ta sunkuya ta shiga ɗakin, ta fito tana murmushi.

"Baba Rabo, akwai kuɗin da manyan ƙasashe suka ware saboda canjin yanayi. Sabuwar dabara irin taka suke nema."

"Su suka canza yanayin, ɗiyata?"

"Hayaƙin masana'antunsu ne ya fi yawa."

"To diyya ce ke nan?"

"Ba diyya ba ce. Tallafi ne, wani lokaci kuma rance."

Rabo bai gane yadda wanda ya ɓata abu zai ba da rancen gyara shi ba. Ta ƙara da cewa kuɗin ba hannunsa za su zo ba, ba kuma hannun ƙungiyarta ba. Sai sun bi ta wata hukuma da masu kuɗin suka yarda da ita, hukumar da ke ƙasar kuwa har yanzu tana jiran a yarda da ita.

Bayan kaka aka kira shi Konni, aka zaunar da shi gaban kwamfuta. Wani mutum ya bayyana a fuskar kwamfutar daga wata ƙasa mai nisa yana Faransanci, Ummul-Khairi na fassara. Mutumin ya yaba ɗakin ƙwarai, sannan ya yi tambaya: zafin da ke ruɓar da albasar, tsohon zafin ƙasar ne ko sabon da canjin yanayi ya kawo? Kuɗinsu na sabon ne kawai.

Rabo ya cire hula, ya mayar. "Ki ce masa zamanin babana ma tana ruɓewa, amma yanzu ta fi. Yadda ake raba zafin biyu ne ban sani ba."

Amsa ta zo daga baya: ɗaki guda ba shaida ba ne, a nuna yana aiki a wurare da yawa. Rabo ya ɗaura ɗamara. Ya gina wa maƙwabcinsa Yakuba, ya gina wa wasu masu lambu, magina daga wajen Illéla da Malbaza suka zo suka duba, suka koma suka yi nasu.

Da shekara ta zagayo, Ummul-Khairi ta dawo jiki a sanyaye.

"Baba, sun ce abin ya bazu. Ba sabuwar dabara ba ce yanzu."

"Ba su suka ce a yawaita ba?"

"Su ne. Amma an canza mutanen da ke dubawa. Kuma wai aikin ya yi ƙanƙanta ga asusunsu."

"Ya yi yawa, kuma ya yi kaɗan?"

Ta sunkuyar da kai. Ita ma, in ji ta, ta karanta amsar har ta gaji ba ta fahimta ba.

A gari kuwa ana kiran ɗakunan "rumbun furoje", wato na shirin tallafi, alhali babu furojen da ya aza ko tubali ɗaya. Wasu sun haƙiƙance Rabo ya karɓi rabonsa ya ɓoye. Yakuba kansa ya taɓa jan shi gefe bayan sallar Juma'a, ya ce in abin ya iso kar a manta da maƙwabta. Rabo ya rantse babu abin da ya iso, Yakuba ya yi dariyar wanda bai yarda ba.

Har yau yana gini, mutane na biyan shi ladan aikinsa. Kwanan baya ya buga wa Ummul-Khairi waya, da gaske yake tambaya:

"Ɗiyata, in na dakata da ginin har mutane su manta, zai sake zama sabo?"

Ummul-Khairi ta ce za ta tambaya.