Hannatu da Haƙorin Makka

Hannatu Amos ba likita ba ce, ko allura ba ta taɓa yi wa kowa ba, amma a wani ɗan asibitin haƙori a Suleja ba a taɓa bakin mutum sai ta ce a taɓa. Shekararta goma sha tara tana shara a wurin. Kullum daga Madalla take shigo motar safe, ɗankwalinta a karkace kamar jinjirin wata.

Sarautar tata ta samo asali ne ranar da Hajiya Maiturare, mai sayar da turaren wuta a unguwar Magajiya, ta zo da kumatu kamar ta ɓoye gwaiba. Haƙorin Makkanta ne ya ruɓe a ƙarƙashin zinaren. Likita Somtochi sabon zuwa ne, hannunsa da laushi, amma Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "buɗe baki" ba. Ya cire haƙorin, ya jefa shi a kwando tare da auduga. Hannatu ta kwashe ta ƙone a duron bayan asibiti, yadda ta saba.

Da Hajiya ta koma gida ta duba madubi, sai ta ga Hajjinta ya bar bakinta. Ɗanta Saifullahi kuwa lauya ne a Abuja, mai neman inda zai gwada Turancinsa. Kwana uku takarda ta iso: a fito da zinaren Hajiya tsantsa, ko a haɗu a kotu.

Mai asibitin ya duba likita, ya duba mai shara, ya ga wanda ya fi sauƙin sallama.

"Hannatu, ke kika ƙone. In ba ki nemo shi ba zuwa Juma'a, ki ajiye tsintsiya."

"Oga, ni na cire shi?"

"Ke kika yi masa jana'iza."

Washegari ta zo da rariyarta ta tankaɗen tuwo. Ta kifar da duron, ta zauna tana tankaɗe toka, tana waƙar coci a hankali, har ita kanta ta koma launin toka. Wajen la'asar wani abu ya yi ƙara a cikin rariya. Ta goge shi da bakin zane. Rawayar ta saluɓe kamar ɓawon gyaɗa, abin da ya rage baƙin ƙarfe ne, irin na murfin kwalba.

Ba ta nuna wa Oga ba, ba ta nuna wa likita ba. Ta ƙulle shi a tsumma ta nufi Magajiya. Ta tarar da Hajiya cikin ƙawaye da hayaƙin turare, tana ba da labarin zinarenta da hannu a kan baki.

"Hajiya, ina da magana, amma ta ɗaki ce."

A ɗaki ta kwance tsumman. Hajiya ta ɗauki ƙarfen ta jujjuya shi.

"Wa ya gani?"

"Ni da rariyata. Ita kuma ba ta magana."

"In an je kotu fa?"

"Alƙali zai ce a kawo maƙeri ya duba, Hajiya, a gaban jama'a."

Hajiya ta tura tsumman ƙarƙashin katifa. "Allah ya isa tsakanina da mutumin nan na Jidda da ya saka min shi. Ungo turare, 'yar nan, kina warin bola."

Da yamma Hajiya ta kira Saifullahi ta ce ta yafe saboda Allah. Unguwa ta yi mako tana yabon haƙurinta.

Tun daga nan Hannatu ta kafa dokarta. Kafin likita ya ɗauki ƙarfe, sai ta miƙa wa mutum madubi ya nuna haƙorin da yatsansa, ta faɗa masa abin da za a yi da harshen da yake ji, ya maimaita da bakinsa, sannan ya dangwala hannu a takarda. In an cire, ta naɗe masa abinsa ya tafi da shi, ko ruɓaɓɓe ne kamar tsohuwar dawa.

"Me zan yi da shi?" wani direban motar garin Gauraka ya tambaye ta kwanan baya.

"Ka kai wa lauyanka tsaraba, Malam."

Takardar lauya ba ta sake shigowa asibitin ba. Tsintsiyar na hannunta har yau. Rariyar ce dai ta rasa, don mijinta ya rantse ba zai ƙara cin tuwon da aka tankaɗe da ita ba.