Hantar Maigida

A gidanmu na Salaga, hanta da ƙundu na maigida ne. Haka na ga babana yana ci, ni ma da na yi aure na koma Yendi, sai na ɗora daga inda ya tsaya. Ƙwai kuwa ba a ba yaro, wai zai tashi ɓarawo. Ni ban taɓa cin ƙwai ina yaro ba, kuma ga shi na zama dillalin shanu, to ku yi hukunci da kanku.

Wata shekara ma'aikatan lafiya suka shigo zango, unguwarmu ta Hausawa, da yekuwar ƙarancin jini a jikin yara. Suka ce mata sun ji, saura maza, ana neman namiji mai baki. Duk zango aka nuna ni. Suka ba ni riga mai rubutu a ƙirji, wanda har ta yage ban san me aka rubuta ba, don ajina biyu a boko. Na dinga zaga kasuwa ina gaya wa maza su ba 'ya'yansu hanta da ƙwai da ganye. In na dawo gida, matata ta ajiye mini kwanona, hanta a sama, 'yarmu mai shekara uku tana lasar miyar ayoyo tana kallon bakina. Nakan juya mata baya, don kallo yana hana ni jin daɗin abinci.

Ranar awon yara na je da rigata, a gan ni. Nas ta ja fatar idon yarinyar, ciki fari fat kamar an yanka doya. Ta ɗaga ta sama ta nuna wa mata, ta ce su dubi 'yar mutumin da ke wahalar wayar da kan gari, ga abin da matarsa ta mayar da ita. Ta tambayi matata ko naman da nake kawowa ita take cinyewa. Matata ta juyo, ni ta kalla.

Na gyara murya na ce, "Hajiya nas, bakina ya gaji da yi mata faɗa."

Mata suka yi dariya, wata ta ce shi ya sa take ta ƙiba. Matar da ake iya ƙirga haƙarƙarinta ta cikin zane.

Bayan sati biyu yarinya ta kasa tsayuwa. A asibiti suka ce sai an ƙara mata jini, kuma uba ake fara gwadawa. Mu kuwa a kara, wurin cinikin shanu, kowa ya san zancen: namijin da aka ɗebi jininsa ya gama aiki a ɗakin matarsa. Na ce ina da shanu a Bawku da mota ke jira, gobe-gobe zan dawo. Babu shanu. Kwana uku na yi a gidan wani abokina muna shan shayi.

An gwada matata, aka ce nata jinin ko ita bai ishe ta ba. Ta aika wa wanta a Salaga. Kafin motarsa ta iso, yarinya ta cika.

Ni na zauna a tabarma a ƙofar gida ana yi mini ta'aziyya. Nas ɗin ma ta zo, ta ce Allah ya ga ƙoƙarina. A cikin gida kuwa mata suna yi wa matata gaisuwa da rabin baki. Har yau a zango in uwa ta yi sakaci da ɗanta, da ita ake misali.

Bara da ciwo ya kwantar da ni, tsoro ya kama ni, na kira ta na ce ina da abin da zan faɗa mata game da Bawku, ta yafe mini. Tana ninke kayan wanki, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ta ce, "Malam, ni kake ba labari? Ai ina wurin, na san babu shanu. Mutanen zango ne ba su ji ba."

Na warke. Ban faɗa musu ba.